Shekara biyu ina kiran sunansa bai waiwayo ba

Ɗana na biyu yana da wata 18 na fara lura ba ya waiwayowa in na kira sunansa. Zan tsaya a bayansa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, in kira sau uku sau huɗu, ko gezau. Amma a buɗe famfo a can wani ɗaki, nan take zai miƙe ya nufi wurin. Wannan ne ya ɓatar da ni. Na ce tunda yana jin ƙarar ruwa ai kunnensa lafiya lau, abin da ya rage taurin kai ne. Yaron da ko magana bai iya ba na yanke wa wannan hukunci, na kuma zauna a kansa shekara biyu cur, alhali larurar otizim ce yake da ita. Saboda shekaru biyun nan nake wannan rubutu, don na san akwai uwar da take cikinsu a yanzu haka.

Alamomin suna gabana, ni ce ban san alamomi ba ne. Yana da kalmomi uku ko huɗu da ya fara faɗa, sai suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya kamar an share su. In yana son abu ba ya nunawa da yatsa. Hannuna zai kama ya ja ni, ya ɗora shi a kan mariƙin ƙofa, idonsa na kan ƙofar, ba a kaina ba. Na saya masa motar wasa, bai taɓa tura ta ba. Kifar da ita yake, ya kai fuskarsa dab da tayar, ya yi ta juya ta har rabin sa'a. Takalman gidan kaf sai ya jera su layi ɗaya, in wani ya gusar da guda ɗaya, ranar ba mu ga zaman lafiya ba. Barci sai ƙarfe ɗayan dare, ƙarfe huɗu idonsa biyu. Da ya iya gudu kuwa, tafiya ta ƙare: daga kan tebur sai taga, daga taga sai bakin ƙofa.

Kowa da nasa bayanin. Wata ta ce ɗa namiji dama ba ya saurin magana, in ƙyale shi. Wata ta ce waya na saba masa da ita. Mahaifiyata, wadda na san don ƙauna take faɗa, ta zaunar da ni ta ce, "'Yar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kin cika sanyin hannu." Na karɓi maganar farko saboda tana kwantar min da hankali, na karɓi ta ƙarshe saboda tana ba ni abin yi. Sai na zama uwa mai tsawa.

Ranar da abin ya juya, muna wani taron dangi ne, yana da shekara uku da rabi. Mutane cike, ga hayaniya, ga lasifika. Ya faɗi ƙasa yana ihu yana buga kansa, idanu suka dawo kaina. Kunya ta rufe ni. Na finciko shi zuwa bayan gida, na dake shi a cinya, dukan da ban taɓa yi masa irinsa ba. Abin da na gani a lokacin bai bar ni ba har yau. Bai kai hannu inda na dake shi ba. Bai ma kalle ni ba. Hannayensa biyu na kan kunnuwansa, ya danne su iya ƙarfinsa, jikinsa na rawa. Ashe akwai abin da yake masa ciwo fiye da dukana, kuma tun da muka shigo wurin yake cikinsa, ni kuma ban gani ba. Na durƙusa na ɗora tafukana a kan nasa hannayen, na taya shi toshe kunnen. A hankali ihun ya ragu. A daren ban runtsa ba. Washegari na nemi ganin likitan yara.

Na ɗauka za a ɗebi jini ko a yi hoton kai, a ba ni amsa a rana ɗaya. Ba haka ake yi ba. Abu na farko da likitan ya sa aka yi shi ne gwajin ji, duk da na rantse masa yaron yana ji. Ya ce dole a fara kawar da wannan, domin yaron da ba ya ji sosai shi ma zai iya ƙin amsa suna, maganarsa ta yi jinkiri. Gwajin ya fito lafiya. Daga nan ya tura mu wurin ƙwararriyar da ke duba girma da halayyar yara, muka shiga layin jira na wata huɗu. Ya ba ni shawarar da ta yi min amfani ƙwarai: in riƙa ɗaukarsa bidiyo a waya, lokacin wasa, lokacin fushi, lokacin da nake kiransa, domin yaro ba lallai ya nuna a ɗakin likita abin da yake yi a gida ba.

Zama na farko da ƙwararriyar kusan sa'a biyu, kuma yawancinsa da ni aka yi. Ta tambaye ni tun daga goyon cikinsa. Yaushe ya fara murmushi? Yana ɗaga hannu a ɗauke shi? In ya ga abin da ya burge shi, yana kawo min in gani? In na nuna abu a can nesa, yana bin yatsana da ido? Wannan tambayar ta tsaya min a maƙogwaro, don ban taɓa lura ba sai da ta tambaya, kuma amsar a'a ce. A zama na biyu aka yi masa wani gwaji da ake kira ADOS, wanda a ido wasa ne kawai, bai kai sa'a guda ba. Ta hura kumfar sabulu, ta dakata, tana jira ta ga ko zai kalle ta ya nemi ƙari. Bai kalle ta ba, ya kama kwalbar yana ƙoƙarin buɗewa da kansa. Ta ɗauko 'yar tsana tana yi kamar tana ba ta abinci, ya karɓe cokalin yana ƙwanƙwasa shi a tebur. Ta kira sunansa, ta sa ni ma na kira. Ina zaune a gefe ina ganin ɗana ta idon wata, karo na farko ba tare da fushi ba.

Da ta haɗa komai, ta ce, "'Yar'uwa, ɗanki yana da otizim." Wasu suna ce wa larurar galahanga, ni kam ba na son wannan suna, don ana jibga larurori iri-iri a ƙarƙashinsa kamar abu ɗaya ne. Ta yi min bayani cewa ba a gano otizim da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Abu biyu ake dubawa: yadda yaro yake mu'amala da isar da saƙo ga mutane, da kuma maimaita abu ɗaya, naci a kan tsari ɗaya, da yadda ƙara ko haske ko taɓi ke damunsa fiye da kima ko ƙasa da kima. Ta ce faɗi ne da larurar, akwai wanda ba zai taɓa magana da baki ba, akwai wanda zai yi karatu mai zurfi, kuma ba ta da ikon gaya min inda nawa zai tsaya. Na tambaye ta abin da yake cin raina: "Likita, ni na jawo masa?" Ta dube ni sosai ta ce, "A'a. Da shi aka haife shi."

Ban yarda da ita a take ba. Wajen wata biyu, in kowa ya kwanta, ina kan intanet ina neman laifina. A nan na ci karo da wata takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT, da ake cike wa yara 'yan wata 16 zuwa 30, cikin 'yan mintuna. Na karanta ta ɗana yana dab da shekara huɗu, na ga tambayar nuni da yatsa, na ga ta amsa suna, na yi kuka kamar raina zai fita. A nan kuma na karanta cewa tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya siffanta yara 11 masu irin halin ɗana, kuma shekaru da dama bayan haka masana suna ɗora laifin a kan iyaye mata, wai rashin nuna ƙaunarsu ne ya jawo. An daɗe da rushe wannan zance. Binciken tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma. Amma na zauna ina tunanin matan nan da suka rayu har suka mutu da wannan zargi a wuyansu, kuma na ga ni ma na kusa ɗora wa kaina shi da hannuna. Allurar rigakafi ma na zarga. Sai na gano binciken da ya haifar da wannan tsoro, wanda mujallar Lancet ta buga a 1998, a kan yara 12 kacal aka yi shi, an janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Wani binciken da aka yi a Denmak a kan yara fiye da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da otizim. Wannan adadi ya rage min kaɗaici, don na gane a duk makarantar da na wuce akwai uwa irina a bakin ƙofa.

Baban yara kuwa shiru ya yi. Da na kawo masa rahoton, ya ajiye bai buɗe ba, ya ce, "Ɗana ba abin da ke damunsa, lokaci ne bai yi ba." Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Yanzu na gane tsoro ne, irin wanda na yi shekara biyu a ciki, nasa ya ɗan fi nawa daɗewa ne kawai. Ban yi ta jayayya da shi ba. Na roƙe shi abu ɗaya, ya raka mu wurin mai koyar da magana sau ɗaya tak.

Matar nan ba da magana ta fara ba, da hotuna ta fara. Ta yi ƙananan katuna, ɗaya da hoton kofin ruwa, ɗaya da hoton kumfar sabulu. Dabarar ita ce ya ɗauki katin ya miƙa wa mutum, a ba shi abin nan take. Na ji tsoron kada katin ya sa ya ƙi magana gaba ɗaya. Ta ce ba ya hana magana, hasali ma yana koya wa yaro tushenta, wato cewa in ka isar da saƙo ga mutum buƙatarka za ta biya. Mako uku muna kama hannunsa muna miƙawa. Wata rana da yamma babansa na zaune, yaron ya ratsa ɗakin, ya ɓanɓaro katin ruwa, ya sa masa a tafin hannu. Mutumin nan ya daɗe yana kallon katin. Ya tashi ya ɗebo ruwan da kansa, na ga kofin na rawa a hannunsa. A daren ya ce, "Ina takardar nan ta likita? Kawo in gani."

Abubuwan da suka fi canza mana gida ƙanana ne, kuma yawancinsu ni ce aka gyara ba shi ba. An koya min in riƙe littafi, duk lokacin da ya birkice in rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me ya yi, me muka yi bayan nan. Cikin wata ɗaya littafin ya nuna min abin da idona ya kasa gani. Yawancin birkicewarsa a wuri biyu take: in ƙara ta yi yawa, ko in an katse masa abu ba gargaɗi. Muka samo masa abin toshe kunne. Muka liƙa jerin hotuna a bango, tashi, wanka, sa kaya, makaranta, don ya san abin da ke tafe. Na koyi cewa "saura minti biyar" kafin in kashe famfo. Na koyi ba da umarni ɗaya a lokaci guda, da kalmomi kaɗan, in kuma ƙirga goma a zuciyata kafin in maimaita, domin sau da yawa ya ji, saƙon ne bai gama isa ba. Na koyi bambanci tsakanin rigimar yaro mai neman abu da ta yaron da duniya ta yi masa yawa. Na biyun ba horo yake buƙata ba, fitar da shi daga wurin yake buƙata.

Akwai kuskuren da na yi a tsakiya da ya kamata in faɗa. Wani ya haɗa ni da masu sayar da wasu ƙwayoyi a intanet, wai suna wanke jiki su warkar da otizim cikin wata shida. Na kashe abin da ban da shi, na ɓoye wa likita. Ba abin da ya canza sai cikinsa da ya lalace. Otizim ba shi da maganin da ke kawar da shi, duk wanda ya ce yana da shi ribar hawayenki yake nema.

Kalmominsa sun dawo yana da shekara biyar, a hankali, da farko maimaita abin da aka faɗa masa yake yi. Amma da ya shiga aji ɗaya sai wata matsalar ta fito fili. Ba ya iya zama minti biyu, ko a kan abin da yake so. Ba ya jiran layi, yana tsallaka titi ba dubawa. Ƙwararriyar ta ce lokaci ya yi da za a duba ADHD, wato larurar kasa tsayar da hankali da yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Ta ce kafin 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi bai yarda a ce yaro ɗaya yana da larurorin biyu ba, alhali sau da yawa tare suke zuwa. Aka ba ni fom, aka ba malamarsa nata, domin sharaɗi ne a ga alamomin a wuri biyu ko fiye, su kai wata shida, su bayyana kafin shekara 12, kuma su zama suna hana yaro gudanar da rayuwarsa. Ƙiriniyar gida kaɗai ba ta isa ba.

Maganar magani ta fi komai ba ni wahala. Na ji ana cewa yana mayar da yaro kamar gunki. Wata uku ina ja da baya. Abin da ya sa na yarda shi ne ranar da ya fizge hannunsa a bakin titi, mota ta ci birki a gabansa. Aka fara shi da ƙaramin awo na metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin. Likitar ta gaya min tun farko cewa ba zai taɓa otizim ɗin ba, hankalinsa kawai zai taimaka masa ya riƙe. Ya rage masa cin abinci da rana, sai muka ƙarfafa na safe da na dare. Ana auna tsayinsa da nauyinsa da bugun zuciyarsa a kai a kai, sau biyu ana canza awon. Ba zan ce wa kowa ya ba ɗansa ba, shawara ce tsakanin iyaye da likitan da ya san yaron. Abin da na gani dai shi ne, a mako na uku ya zauna muka kai ƙarshen wani ɗan littafin hotuna, abin da ba mu taɓa yi ba. Malamarsa, Allah ya saka mata da alheri, ta dawo da shi gaba nesa da taga, tana rarraba masa aiki gunduwa-gunduwa, tana aikensa ya kai littattafai ofis in ta ga zaman ya ishe shi.

Fom ɗin nan ya tona min wani abu da ban shirya masa ba. Ina cike shi saboda ɗana, sai layukan ɓangaren rashin tsayar da hankali suka riƙa kawo min fuskar yayarsa. Yawan ɓatar da kaya. Fara aiki ba a gamawa. A yi mata magana kamar ba ta wurin. Shekarunta 11 a lokacin, shiru-shiru, ba ta damun kowa, rahoton makarantarta kullum "tana da ƙwaƙwalwa amma ba ta maida hankali". Ni kuma ina ce mata malalaciya, hankalina duk yana kan ƙaninta. Aka duba ta, aka tabbatar tana da ADHD, nau'in da ba shi da yawan motsi. Likitar ta ce 'yan mata da yawa haka suke wucewa ba a gane su ba, saboda ba sa tayar da ƙura. Da na yi mata bayani, ta yi shiru, can ta ce, "Mama, kenan ba daƙiƙiya ba ce ni?" Shekara nawa yarinyar nan tana ɗauke da wannan tambaya ita kaɗai, a ɗaki ɗaya da ni.

In ɗanki ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa don ki ga abin da ya gani, ko ba ya amsa sunansa, ko kalmomin da ya iya sun ɗauke, ki kai shi a duba. In aka ce ba komai, ba ki yi asarar komai ba. Kuma ba sai an gama tabbatar da sunan larurar za a fara taimaka masa da magana ba, wannan ma ban sani ba a lokacin.

Yanzu shekarunsa tara. Yana magana da gajerun jimloli, yana karatu, lissafi ya fi masa sauƙi a kan hira. Har yanzu akwai ranakun da muke barin wuri tun ba a fara abin da ya kai mu ba, akwai daren da nake kwana ina tunanin wa zai fahimce shi in ba na nan. Har yanzu ba kullum yake waiwayowa in an kira shi ba. Na daina kira daga baya, zagayowa nake in durƙusa daidai tsayinsa.

Makon jiya da safe ina shanya, na ji ya ce, "Mama." Yana tsaye gaban famfo, ya miƙa yatsa yana nuna wani ɗigon ruwa da ya rataya a bakinsa, rana ta haska shi. Ya kalli ɗigon, ya juyo ya kalli fuskata, ya sake komawa kan ɗigon. "Duba," ya ce. Na ajiye kayan da ke hannuna, na je na tsaya kusa da shi, muka zuba masa ido tare har ya faɗo.